Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana A Kan Dabbobi Marasa Gata

Ya kai ɗana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da gwaggonka da sauran mutanen gidan, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso, na karanta shi har sau biyu, sannan na miƙa wa mahaifiyarka ita ma ta karanta. Abu biyu ka nema a wurina. Na farko shi ne in ba ka izinin zuwa gidan kula da dabbobi marasa gata da gwaggonka ta kai ka ziyara, domin ka riƙa taya su aiki har ƙarshen hutu, na biyu kuma in yarda ka taho mana da baƙar kyanwar nan mai ido ɗaya da ka ce ta shiga ranka. Buƙata ta farko na amince da ita nan take. Ta biyu kuwa ban ƙi ba, amma ban amsa ba tukuna, kuma dalilin haka ne ya sa na zauna na rubuta maka wannan doguwar takarda maimakon in sallame ka da kalma biyu ta waya.

Zan fara da wani labari da ban taɓa ba ka ba. Ina ɗan shekara goma na tsinci 'ya'yan kyanwa guda uku a bayan wani tarin katakai, ƙanana ƙwarai, ko idanunsu ba su buɗe ba. Na waiga dama da hagu ban ga uwarsu ba, sai na yanke wa kaina hukunci cewa marayu ne, na kwashe su a cikin rigata, na saka su a kwali, na riƙa ɗura musu madarar shanu da ƙaramin cokali ina jin kaina gwarzo. Kafin gari ya waye gudawa ta kama su, jikinsu ya yi sanyi kamar ƙanƙara, kuma kwana biyu ba su cika ba duk ukun suka mutu a hannuna. Abin da har yau ban manta ba shi ne kukan uwar, wadda ta yi dare uku tana zagaya katakan nan tana kiran su. Sai da na girma na fahimci cewa farauta kawai ta tafi, kuma da na haƙura na ɗan lokaci da ta dawo. Na kuma fahimci cewa cikin jaririyar kyanwa ba ya iya narkar da madarar shanu, cewa jikinta ba ya iya riƙe ɗumi da kansa sai ta kai kimanin mako huɗu, cewa a kwanakin farko tana buƙatar tsotso duk bayan awa biyu zuwa uku dare da rana, kuma ko fitsari ba ta iya yi sai uwar ta lashe mata ƙasan ciki. Tausayi na ji a ranar, irin wanda kake ji yanzu, amma ba ni da sanin abin da nake yi, kuma wannan rashin sani ne ya kashe su.

Saboda haka, duk ranar da ka tsinci irin waɗannan jarirai, kada ka taɓa su muddin ba cikin haɗari suke ba. Ka ja da baya nesa, domin uwar ba za ta matso ba matuƙar tana hango ka. Idan kana so ka tabbatar, ka barbaɗa ɗan toka ko lallausan yashi ka kewaye wurin, ka tafi, ka dawo bayan 'yan awoyi ka duba ko akwai sawunta. In ba ka ga sawu ba, kuma kukansu ya yi yawa ko jikinsu ya yi sanyi, to, sai ka kira babban mutum, shi kuma ya kira ma'aikatan gidan kula da dabbobin ko likitan dabbobi.

Game da aikin da za ka je yi, ina so ka shirya wa zuciyarka tun yanzu cewa ba wasa da 'yan kwikwiyo za a ba ka ba. Yawancin irin waɗannan gidaje ba sa barin yaro mai shekarunka ya riƙe dabba shi kaɗai sai tare da babba, kuma abin da za a danƙa maka shi ne wanke kwanuka, shara, ninke tsummoki da cika mazubin ruwa. Kada ka ɓata rai, kada kuma ka ɗauka raini ne. A wurin da aka tara dabbobi da yawa, cuta ta fi kowace irin wahala kisa, kuma hanyarta ita ce kwanon da ba a wanke da kyau ba, da tafin hannu, da ƙasan takalmi. Akwai wata cuta mai kama 'yan kwikwiyo da amai da gudawar jini, wadda likitoci ke kira fabo, ƙwayarta tana iya yin watanni da rai a daɓen ƙasa tana jiran wanda zai taka ta ya kai ta wani keji. Idan aka ce ka wanke hannu tsakanin keji da keji, ko ka tsoma takalminka a ruwan magani kafin ka shiga wani ɗaki, ka yi hakan ko da babu mai ganin ka. Kuma idan ka yi alkawarin zuwa ƙarfe takwas, ka isa kafin takwas, domin sun riga sun lissafa da kai, kuma dabbar da ke jiran ruwa ba ta san cewa barci ne ya kwashe ka ba.

A shekarar 1965 gwamnatin Ingila ta karɓi rahoton wani kwamiti da Farfesa Roger Brambell ya jagoranta a kan halin da dabbobin gona ke ciki, kuma daga wannan rahoto ne aka tsara, a 1979, ma'auni biyar da masu kula da dabbobi a faɗin duniya ke aiki da su har yau: kada dabba ta zauna da yunwa ko ƙishirwa, kada ta rasa wurin kwanciya mai inuwa da kariya, kada a bar ta da ciwo ko rauni babu magani, a ba ta damar yin ɗabi'unta na halitta, sannan a raba ta da tsoro da firgici. Uku na farko aikin manya ne, domin suna buƙatar kuɗi da likita. Biyun ƙarshe kuwa lokaci da haƙuri suke buƙata, ma'aikata kuma ba su da lokacin, kai ne kake da shi.

Ka ce mini akwai wani jan kare da ke maƙalewa a ƙuryar kejinsa yana rawar jiki duk lokacin da mutum ya wuce. Ga abin da nake so ka gwada, bayan ka nemi izini. Ka ɗauki littafinka na makaranta, ka zauna a ƙasa a wajen kejin, ka ba shi gefenka maimakon ka fuskance shi, domin a wurin kare ƙura ido barazana ce. Kada ka miƙa hannu, kada ka kira shi, ka dai yi ta karatunka a bayyane da murya ƙasa-ƙasa na minti goma sha biyar ko ashirin, sannan ka tashi a hankali ka tafi. Wataƙila ranar farko ba zai ko ɗaga kai ba, ranar uku ka ga kunnensa ya juyo wajenka, wata rana kuma ka ji numfashinsa a kusa da gwiwar hannunka ta tsakanin wayoyin kejin. Ko a wannan rana kada ka juya da sauri. A Amurka wasu gidajen dabbobi sun mayar da wannan karatu tsari na musamman ga yara 'yan makaranta, saboda sun lura cewa karen da ya saba da muryar mutum yakan fito gaban keji idan baƙi sun zo, kuma wanda ya fito gaba shi ake gani har a ɗauka. Ka tuna kuma kunnensa ya fi naka ji nesa ba kusa ba, yana jin sautukan da kai ba za ka taɓa ji ba, don haka ihu da buga ƙofar ƙarfe da guje-guje a tsakanin kejina azaba ce a gare shi ko da kai kana ganin wasa kake yi.

Haka abin yake ga ƙanana. 'Yar kyanwa tana koyon yarda da mutum ne tsakanin mako biyu zuwa bakwai da haihuwa, ɗan kwikwiyo kuma daga kimanin mako uku zuwa goma sha biyu, kuma wanda wannan lokaci ya wuce shi bai ji hannun mutum mai taushi ba yakan tashi da tsoron mutane wanda ke da wuyar cirewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan ma'aikata suka ba ka ɗaya ka riƙe, ka zauna a ƙasa tukuna don kada ya kuɓuce ya faɗi, ka tallafe ƙirjinsa da hannu ɗaya, ƙugunsa da ɗaya hannun, in ya fara mutsu-mutsu ka sauke shi.

Mahaifiyarka ta ce lallai in yi maka maganar cizo, kuma tana da gaskiya. Kaɗa wutsiya ba kullum yake nufin murna ba. Idan ka ga kare ya sandare, ko yana yawan hamma da lasar leɓe alhali ba barci ko yunwa yake ji ba, ko ya kawar da kai yana kallon ka ta gefen ido har farin idon ya bayyana, to, yana roƙon ka ne ka ba shi wuri, kuma gurnani shi ne gargaɗinsa na ƙarshe. Kada ka taɓa shi yana cin abinci ko yana barci, kada ka kusanci karya mai shayarwa, kuma idan wanda ba ka sani ba ya nufo ka a hanya, ka tsaya cik ka sauke hannuwanka, domin gudu ne ke tayar masa da sha'awar bi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, kusan kashi 99 cikin 100 ta hanyar karnuka, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na masu kamuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Abin da ke sa yara mutuwa sau da yawa shi ne ɓoyewa don tsoron faɗa. To, ka ji daga bakina: ba zan taɓa yi maka faɗa don an cije ka ba, amma zan yi fushi ƙwarai idan ka ɓoye. Ko yaƙushi ne kawai, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, ka gaya wa gwaggonka nan take, ku tafi asibiti a ranar. Tun 1885, lokacin da masanin kimiyya Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara allura a Faransa bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuma ya rayu, an san cewa allurar tana hana ciwon idan an yi ta da wuri, amma da zarar alamun ciwon sun bayyana, kusan babu mai tashi.

Maganar tara wa gidan dabbobin kayan taimako kuwa mai sauƙi ce, sharaɗinta ɗaya: ka tambaye su abin da suke buƙata kafin ka tara komai, don kada ka jibge musu abin da zai zame musu kaya. Galibi tsofaffin tawul da barguna da jaridu da sabulu da kwanukan ƙarfe ne ke yi musu ƙaranci. Kana iya ware wani abu daga kuɗin kashewarka, kana iya neman malaminku ya ba ku izinin ajiye kwalin tara kaya a aji idan an koma makaranta, amma duk kuɗin da ka karɓa daga hannun mutane ka rubuta shi, ka miƙa shi ta hannun babba, ka karɓo rasit ka nuna wa waɗanda suka bayar. Tunda kuma ka iya ɗaukar hoto, ka nemi su ba ka dama ka ɗauki na tsofaffin dabbobin, waɗanda suka fi daɗewa ba a ɗauke su ba saboda kowa jariri yake so. Ka durƙusa daidai tsayin idon dabbar a wuri mai haske, ka rubuta halinta na gaskiya a ƙarƙashin hoton. In ba ta son yara ka faɗa, domin wadda aka ɗauka bisa yaudara dawo da ita ake yi, ta dawo da tsoron da ya fi na farko.

Za ka gamu da masu cewa, ana fama da yunwar mutane wa yake ta kare da kyanwa. Kada ka yi musu rashin kunya, domin akwai ƙamshin gaskiya a damuwarsu, kuma maganar ba sabuwa ba ce. Lokacin da wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan karnukan da suka ɓata a Landan a 1860, wata babbar jarida ta yi mata ba'a da irin wannan hujja, ga shi kuma gidan, wanda ya koma unguwar Battersea a 1871, yana nan yana aiki har yau. Abin da na lura da shi a tarihi shi ne masu jin ƙan dabbobi ba su cika zama masu sakaci da mutane ba. A cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta Ingila a 1824 akwai William Wilberforce, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana yaƙi da cinikin bayi. Henry Bergh kuma, wanda ya kafa irin wannan ƙungiya a birnin New York a 1866, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar kare yara daga zalunci a wannan birni kafin shekara goma ta cika. Idan abokanka ne ke jifar kare ko ɗaure wa kyanwa gwangwani a wutsiya, ka ƙi shiga, ka faɗa musu dalilinka sau ɗaya ba tare da zagi ba. Idan babban mutum ne ka gani yana dukan jakin da ke da miki a baya, ko ya ɗaure kare a rana babu ruwa, kada ka tunkare shi, ka riƙe wurin da lokacin a ranka ka gaya wa babba wanda zai san inda za a kai maganar.

Akwai wani abu mai ɗaci da gara ka ji shi daga wurina. Wata rana za ka je ka tarar da keji babu kowa, kuma ba kullum ne dalilin zai zama an sami mai ɗauka ba. Wasu dabbobin ciwonsu ya wuce magani, likita yakan yi musu allurar da za ta ɗauki ransu cikin barci don a hutar da su, kuma a wasu gidajen ana yin haka har ga masu lafiya idan wuri ya cika maƙil. Kada ka tsani ma'aikatan, su ne suka fi kowa jin zafin abin. Ka yi lissafi da kanka ka ga tushen matsalar: kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu, cikin yana yin kwana 63 zuwa 65, tana iya haihuwa sau uku a shekara, kowace haihuwa kimanin 'ya'ya huɗu. Uwa ɗaya ke nan ta ba da goma sha biyu a shekara, kuma wasu daga matan cikinsu suna iya fara tasu haihuwar kafin shekarar ta ƙare. Babu ginin da zai ɗauke wannan, shi ya sa likitoci ke nacewa a kan a yi wa mazan fiɗiya, matan kuma a yi musu aikin hana haihuwa. Idan ka shawo kan gida ɗaya tak suka kai kyanwarsu ko karyarsu aka yi mata wannan aiki tare da allurar riga-kafi, ka rage wa gidan nan nauyin da wankin kwanukanka na hutu guda ba zai rage ba.

Yanzu sai maganar kyanwarka mai ido ɗaya. Ka san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta a ƙasa ba. Ka lura da cewa ba a ambaci duka ko jifa a cikinsa ba, tsarewa da sakaci kawai aka ambata, kuma wannan laifi ne da sai wanda ya ajiye dabba yake iya faɗawa cikinsa. Wannan kyanwa a yanzu amanar ma'aikatan gidan ce, amma ranar da ta shigo gidanmu ta zama tamu, kuma kyanwar da ake kula da ita tana iya kai shekara 15 ko fiye. Shekarunka goma sha biyu, ke nan kana iya kai ashirin da bakwai tana nan da ranta. Wa zai ciyar da ita ya kwashe kashinta idan ka tafi makarantar kwana ko jami'a? Idan amsar ita ce mahaifiyarka, to, ita ya kamata ka roƙa, ba ni ba, kuma tana da ikon ta ce a'a. Ƙanwarka ma ba ta kai shekarun da za ta san cewa ba a jan wutsiya ba, kuma kyanwa mai ido ɗaya tana saurin firgita idan aka zo mata ta gefen da ba ta gani.

Ga abin da na yanke. Ka cika makonni huɗun da suka rage kana zuwa aiki ba fashi, kuma zan tambayi gwaggonka. A cikin wannan lokaci ka samo mini amsoshi daga likitansu: shekarunta nawa, an yi mata riga-kafin haukan kare da sauran allurai, an yi mata aikin hana haihuwa, an ba ta maganin ƙuma da tsutsar ciki, kuma idon da ya mutu yana buƙatar wani magani nan gaba ko ya warke ke nan. Ka tambaye shi kuma abubuwan da ke cikin gida waɗanda suke guba ne a gare ta, domin na san ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya kashe kyanwa, albasa da tafarnuwa ma suna lalata mata jini, kuma ina so ka rubuto mini sauran da hannunka. Daga nan ka tambayi shugabar gidan ko suna ba da dabba riƙo na ɗan lokaci, kamar yadda gidaje da yawa ke yi. In suna yi, za mu karɓe ta wata guda mu ga yadda za ta zauna da mu, da yadda kai za ka zauna da aikinta bayan ɗokin farko ya wuce, sannan mu zauna mu uku da mahaifiyarka mu yanke shawara.

Mahaifiyarka ta haɗa tsofaffin tawul shida da bargo biyu, ta wanke su ta ninke, kawunka zai taho maka da su ranar Asabar tare da rufaffen takalminka, domin ba na so ka shiga wurin da silifa. Ka gaishe mini da gwaggonka da kyau, ka yi mata godiya a madadina, ka kuma riƙa gama aikin da ta sa ka a gida kafin ka fita. Ina jiran amsarka, kuma ka gaya mini yadda kuka ƙare da jan karen nan. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare mini kai.

Naka,
Mahaifinka